Murhun Anti Rifkatu

Saura kwana huɗu a ba da hutu,
Rumasa'u ta shigo da takarda a ninke,
ta ajiye kusa da kwanon tuwona, ta fita.
Takarda ba ta ce dole ba,
cewa ta yi "ga mai hali."
Na san irin wannan hali:
a kan teburin malama ake auna shi,
yara arba'in suna kallo.

Uku gare ni a makarantar,
kowa da malamin ajinsa,
ga mai lissafi, ga baba maigadi
da ke tsallakar da su titi.
Na ɗauki allin walda na rubuta a bayan ƙyaure:
atamfa turmi guda, dubu goma sha takwas,
kular abinci, dubu tara in an sha ciniki,
turare ɗan mitsitsi, dubu huɗu.
Da na ja layi na haɗa
sai ga kuɗin hayar wata biyu
sun zuba mini ido.

Uwarsu ta ce bara maman Ilham
injin markaɗe ta kai, a kwalinsa,
kuma Ilham ce ta zo ta ɗaya.
Na ce yarinyar akwai ƙwaƙwalwa.
Ta ce ai injin ma yana niƙa da laushi.

Ba rowa ba ce, Allah ya gani.
Anti Rifkatu ce ta lura
'yata ba ta hango allo daga baya,
ta dawo da ita bencin gaba,
ta aiko a kai ta asibitin ido.
Shekara tara ina uban yarinyar, ban lura ba.
Da wane turmi ake biyan wannan?

Washegari a Panteka ba a kawo wuta ba sai azahar.
Na jawo tsohon wilin mota daga tarin ƙarafa,
na yanka, na dasa masa ƙafa uku,
na saƙa raga da guntayen rodi,
na shafe shi da baƙin fenti.
Murhun gawayi.
Ko ni da na yi shi, ya burge ni.

Rumasa'u ta ƙi taɓawa.
"Baba, kowa da leda mai ƙyalli zai zo."
Na ɗaure shi a bayan babur,
ta zauna a takure, ƙafarsa na sukar ta,
daga Tudun Wada har ƙofar makaranta
ko tari ba ta yi mini ba.

Sati biyu da hutu
na shiga Kasuwar Bacci neman takalmin gwanjo.
A layin 'yan kwanuka sai ga Anti Rifkatu
da buhu a gabanta,
kuloli biyar, sababbi fil,
ɗaya ma da sunan yaro manne a murfi.
Mai shago yana cewa uku-uku, ba ƙari.
Na juya zan sulale, ta riga ta gan ni.
Kunya ta raba mana kanta daidai.

Muka gaisa, muka tambayi yara, muka tambayi ruwa.
Ta dubi buhun ta yi 'yar dariya:
"Baban Rumasa'u, kula ba ta dafa abinci,
ajiye shi kawai ta iya."
Ba ta ambaci albashi ba, ni ma ban tambaya ba.
Har na kai bakin layi ta ɗaga murya:
"Murhunka, ƙafa ɗaya ta gaza sauran tsawo,
sai da na sa mata dutse!"

Na ce zan zo in gyara.
Ban je ba tukuna.
Ban kuma faɗa wa Rumasa'u ba,
ban san ta inda zan fara ba.
Lissafin yana nan a bayan ƙyaure,
uwarsu ta hana a goge,
wai zangon gaba sai dai a ƙara a kai.